Tambaya da Amsa: Ƙananan Gyare-gyaren Famfo da Bututu a Gida

A wannan fitowa mun tattaro tambayoyin da masu karatu suka aiko kan famfo, bututu, sinki da tankin masai, muka taƙaita waɗanda suka fi maimaituwa. Roƙonmu ɗaya ne kafin kowa ya ɗauki sifana: a fara rufe ruwa daga bawul, a buɗe famfon da za a gyara ya tsiyaye abin da ya rage a bututu, sannan a taɓa noti.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tare a sabon gida, kuma ina so in daina kiran mai gyara kan kowane ɗan yoyo. Waɗanne kayan aiki ya kamata in ajiye?
Wani magidanci

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a gidan. Kayan ba su da yawa. Na farko sifana mai buɗe baki, wadda ake ƙara wa faɗi a rage, mai tsawon inci 10. In da hali ka sayi biyu, domin yawancin aikin famfo hannu biyu yake so: ɗaya ta riƙe bututu ko jikin famfo, ɗaya ta juya noti. Mai aiki da sifana ɗaya yakan kwance notin da yake so, amma ya murɗe haɗin da ke cikin bango bai sani ba. Sai filaya mai faɗin baki don manyan notocin roba na ƙarƙashin sinki, sukudireba mai shimfiɗaɗɗen baki da mai bakin tauraro, jerin ƙananan makullan alan masu kusurwa shida, da zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, 24 ko 32 a kowane inci. Sifanar fayif mai haƙora ta bututun ƙarfe ce kawai. Kada ka ɗora ta a kan famfo mai ƙyalli ko notin tagulla, haƙoranta za su cinye kusurwoyin har wata sifana ta kasa kamawa.

Bayan waɗannan sai robar zuƙe toshiya mai mariƙin sanda, wayar kwance toshiya mai tsawon mita 3 zuwa 5, farin tef na zare, tocila, bokiti, tsummoki, safar hannu ta roba da tabarau na kare ido. A wata 'yar gwangwani ka tara woshoshin roba na rabin inci da na inci uku bisa huɗu, zobban roba masu girma daban-daban, tiyo ɗaya mai saƙar ƙarfe irin na ƙarƙashin sinki, da kilif biyu na ɗaure tiyo. Gam ɗin PVC, wato na haɗa bututun roba, kuwa kada ka tara shi, yakan daskare a gwangwani bayan an buɗe. Ka sayi ƙarami ranar da aiki ya taso.

Amma, Malam, abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne ka san inda babban bawul na gidan yake, kuma ka nuna wa duk wani babba a gidan. In mai doguwar hannu ne, yana buɗe idan hannun ya bi tsawon bututu, yana rufe idan ya gitta shi. In mai kan keke ne da ake juyawa sau da yawa, ana rufe shi ta yadda hannun agogo ke tafiya. Irin wannan na biyun yakan ƙage idan ya shekara ba a taɓa shi ba, don haka duk wata shida ka rufe shi ka buɗe, kuma in ka buɗe har ƙarshe ka ɗan mayar da shi baya kwatan juyi.

Tambaya: Famfon ɗakin girkina yana ɗiga dare da rana. Da farko in na murɗa shi da ƙarfi yakan tsaya, yanzu ko hannu biyu na sa ba ya tsayawa. Sai an canza famfon gaba ɗaya ne?
Wata uwar gida

Amsa: Hajiya, da wuya a ce famfon ya mutu, amma a daina murɗa shi da ƙarfi daga yau, domin murɗawar ce ke ƙara ɓata shi. Famfon da ake juyawa sau da yawa kafin ya rufe yana da sanda mai zare a ciki, a ƙasan sandar kuma akwai woshar roba. In kin rufe, sandar ta sauka ta danne woshar a kan wani zoben tagulla da ake kira mazauni, sai ruwa ya tsaya. Robar ce ke tare ruwan. Da zarar ta taurare ko ta tsage, duk ƙarfin da aka ƙara sai dai ya yanka ta a kan mazaunin, daga baya ya cinye zaren sandar.

Ga yadda ake yi. Ki rufe ƙaramin bawul da ke ƙarƙashin sinkin, in babu ki rufe babban. Ki toshe ramin sinkin da tsumma saboda ƙananan sukurori, faɗawarsu ciki ba wuya. Ki ɓamɓare ɗan murfin da ke saman hannun famfon, ki kwance sukurun da ke ƙarƙashinsa, ki zare hannun. Za ki ga notin tagulla mai kusurwa shida. Ki daidaita bakin sifana ya kama shi tsam, ki riƙe jikin famfon sosai da ɗaya hannun don kada ya juya tare, sannan ki kwance ta akasin tafiyar hannun agogo. In ya ƙi, a fesa masa man kwance tsatsa irin su WD-40, a ba shi minti 15. Kada a buga sifana da guduma, tangaran ɗin sinki ba ya jure wannan.

Da kin zaro cikin famfon za ki ga woshar a ƙasa, wani lokaci ɗan noti ne ke riƙe da ita, wani lokaci cusa ta kawai aka yi. Famfon sinki yawanci ta rabin inci yake ɗauka, na bahon wanka ta inci uku bisa huɗu, amma abin da ya fi shi ne a tafi da tsohuwar wajen saye a gwada. Kafin ki mayar, ki zura yatsa ki shafa mazaunin. In ya yi sumul, kin gama. In kin ji kaushi ko wata 'yar hanya da ruwa ya sassaƙa, sabuwar wosha ba za ta daɗe ba, sai an goge mazaunin da abin goge shi ko a canza famfon. Wajen mayarwa ki juya sandar ta koma matsayin buɗe, don kada woshar ta danne mazauni tun noti bai gama shiga ba. Ki buɗe ruwa a hankali, famfon yana buɗe.

Idan kuma ruwan daga ƙarƙashin hannun yake fitowa lokacin da famfo ke buɗe, ba laifin wosha ba ne. Akwai ƙaramin noti da ya zagaye sandar daga sama, ki ƙara ɗaure shi kwatan juyi. In bai tsaya ba, zoben robar da ke jikin sandar ne ya cinye. A canza shi, a shafa masa giris ɗin silikon. Man inji ko basilin na kumbura irin wannan roba.

Duk wannan bayanin tsohon samfurin famfo ne. Wanda ke rufewa da kwatan juyi kawai ba shi da wosha, fayafayan tangaran biyu ne ke zamewa a kan juna, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce su. Shi sai dai a canza cikin gaba ɗaya. A nan ma a tafi da tsohon, domin haƙoran kan sandar sun bambanta, akwai 20, akwai 24, akwai 28, kuma na ɓangaren ruwan zafi da na sanyi sukan saɓa wajen juyawa. Famfo mai hannu ɗaya da ke haɗa zafi da sanyi shi ma haka ne: ɗan sukurun da ke ɓoye a gefen hannun da makullin alan ake kwance shi, cikin kuma galibi mai faɗin milimita 35 ne ko 40.

Kada a raina ɗigon. Yini da kwana daƙiƙa 86,400 ne. In famfo na sakin ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa, ana asarar abin da ya kai lita 20 kullum.

Tambaya: Na sa sabon famfo a bango, na naɗa farin tef da yawa, na ɗaure iya ƙarfina, amma ruwa na tsattsafowa daga haɗin. Me na yi ba daidai ba?
Wani ɗalibi mai zaman haya

Amsa: Ɗan'uwa, abu uku ne ke jawo wannan. Na farko juyin naɗin. Ka riƙe famfon bakin zarensa na kallonka, ka naɗa tef ɗin ta yadda hannun agogo ke tafiya. In ka naɗa ta baya, lokacin da kake ɗaurewa tef ɗin zai warware ya dunƙule a waje, zaren ya shiga tsirara. Ka fara daga zare na biyu, kada guntun tef ya leƙa bakin bututu ya yanke ya je ya toshe wani wuri. Ka riƙa jansa da ɗan ƙarfi yana shiga cikin zaren har ana ganin shatinsu. Tef mai kauri zagaye 4 zuwa 6 ya isa. Siririn kuwa yakan buƙaci 10 zuwa 15, musamman in zaren na da sako-sako.

Na biyu, mayar da famfo baya. Mutum ya ɗaure har famfon ya wuce daidai, bakinsa ya karkace, sai ya kwance kaɗan don ya miƙe. Wannan ɗan kwancewar ta karya toshiyar, domin tef ɗin ya riga ya danne ba zai sake kumbura ba. In haka ta faru sai a cire, a goge tsohon tef tas, a sake naɗawa.

Na uku shi ne wanda muke jin tsoro, tunda ka ce ka ɗaure iya ƙarfinka. In soket ɗin da ke bango, wato bakin bututun da famfon ke shiga, na roba ne, famfon ƙarfe mai tef da yawa yakan tsaga shi kamar yadda ake tsaga itace da weji. Ka cire famfon ka haska tocila ciki. In ka ga siririn layi ya bi tsawon soket ɗin, babu tef ɗin da zai yi magani, sai an canza shi, kuma ya fi kyau a sa mai zaren tagulla a ciki. Ƙa'idar ɗauri ita ce ka juya da hannu har ya tsaya, sannan ka ƙara juyi ɗaya ko biyu da sifana.

A kula kuma, ba kowane zare ke son tef ba. Tiyon ƙarƙashin sinki, tiyon shawa da na injin wanki duk suna da woshar roba a cikin notinsu, ita ke tare ruwa. Tef a nan sai dai ya hana noti isa ga woshar. A ɗaure da hannu, a ƙara kwatan juyi da sifana, shi ke nan.

Tambaya: Sinkina ya toshe, ruwa na kwana a ciki. An ba ni shawara in zuba soda mai ƙuna. In zuba?
Wata mai karatu

Amsa: Malama, ki dakata da sodar tukuna. In sinki ya toshe gaba ɗaya, sodar ba ta isa wurin toshiyar da ƙarfinta, sai ta zauna a cikin ruwan da ya taru. Daga nan duk wanda zai kwance bututun, ke ko mai gyara, ruwa mai ƙona fata da makantar da ido ne zai zubo masa. Tana kuma yin zafin da kan lanƙwasa siririn bututun roba, tana cin alminiyam. In an riga an zuba, kada a sa robar zuƙa a kai, kuma a gaya wa mai gyara kafin ya taɓa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne haɗa magunguna: bilic da ruwan wanke masai mai asid in suka gamu suna fitar da iskar kulorin, wadda ke illata huhu cikin ɗan lokaci a rufaffen ɗaki.

Ki fara da robar zuƙa. Yawancin masu cewa ba ta aiki ba su toshe ɗan ramin ambaliya da ke saman sinki ba ne, sai iskar ta riƙa fita ta can. Ki cusa masa jiƙaƙƙen tsumma. In sinki mai kwano biyu ne, a toshe ramin ɗayan a danne. Ki bar ruwa ya rufe bakin robar, ki kifa ta a karkace don iskar cikinta ta fita, ki danna a hankali sau ɗaya, sannan ki riƙa dannawa da ja da sauri sau 15 zuwa 20 ba tare da bakin ya ɗaga ba. Jan ya fi dannawar aiki, shi ke girgiza dattin ya warware. Ki maimaita sau uku.

In bai buɗe ba, sai ƙarƙashin sinki. Akwai wata lanƙwasa a bututun, ko wani abu mai kamar kwalba. Nan maiƙo, gashi da ɓarɓashi ke taruwa. Ki sa bokiti a ƙasa, ki kwance notocin robar biyu da hannu, in mai kwalba ne ki kwance gindinsa. Ki lura da yadda zobban robar suke zaune, musamman mai tsini a gefe ɗaya: tsinin na kallon inda bututun zai shiga. Ɗaukar hoto da waya kafin a kwance na taimakawa ƙwarai. Ki wanke da tsohon buroshi a wani wurin, ki mayar, ki ɗaure da hannu kawai. Sannan ki cika sinkin ki sake ruwan gaba ɗaya, ki shafa busasshen tsumma a kowane haɗi ki ga ko ya jiƙe.

In lanƙwasar ba ta da datti, toshiyar na gaba. Tun tana kwance ki zura wayar kwance toshiya ta bututun da ya shiga bango, kina juya ta kina turawa. In ta ci karo da abu ki ci gaba da juyawa a hankali, ki jawo ta ki goge, ki sake. Bututun sinkin girki galibi milimita 40 ne, na wanke hannu 32, kuma yana buƙatar gangare na kimanin santimita 2 a kowace mita. In aka shimfiɗa shi ba gangare, ko tsakiyarsa ya lotsa, zai riƙa toshewa komai wankin da aka yi masa, sai an gyara zamansa.

Maiƙo shi ne babban mai laifi. Yana shiga a narke, ya yi sanyi a hanya ya manne. A riƙa goge shi daga tukunya a zuba a shara, a sa rariya a bakin ramin. Ruwan zafi da sabulun wanke-wanke sau ɗaya a mako na taimakawa, amma ba tafasasshe ba. Idan kuwa sinki, wurin wanka da masai duk suka toshe tare, ko ruwa na dawowa ta ramin ƙasa, matsalar babban layi ce ko ramin masai ya cika, wannan aikin masu kayan aiki ne.

Tambaya: Tankin masai na bayan gidanmu ba ya daina shan ruwa, kullum ana jin sautinsa, tankin sama har ƙarewa yake kafin safiya.
Wani dattijo

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. A ɗaga murfin tankin a ajiye shi a ƙasa a kwance inda ba za a taka ba. In mai maɓalli ne a sama, sau da yawa sai an kwance zoben maɓallin kafin murfin ya ɗagu. Abubuwa biyu ne a ciki: bawul mai shigo da ruwa tare da abin da ke iyo a sama, da kuma bawul mai sakin ruwa a tsakiya tare da bututun ambaliya. Ɗayansu ne ya gaza, kuma gane shi ba wuya.

In ruwa ya kai bakin bututun ambaliya yana malala ciki, mai shigo da ruwa ne bai rufewa. A ɗaga abin iyon da hannu. In ruwa ya tsaya, saiti ne kawai: a juya sukurun saitin har ruwa ya riƙa tsayawa santimita 2 zuwa 3 ƙasa da bakin ambaliya. Tsohon samfuri mai ƙwallo da hannun tagulla ana ɗan lanƙwasa hannun ƙasa, amma na roba ba a lanƙwasa shi, karyewa yake. A girgiza ƙwallon ma, in an ji ruwa a ciki ya huje. In kuwa an ɗaga ruwa bai tsaya ba, a rufe bawul, a kwance kan, a wanke 'yar robar da ke ciki. Sau da yawa yashi ne ya maƙale. In ta tsage a canza.

In ruwa bai kai ambaliya ba amma tankin na ɗan ƙara sha lokaci-lokaci, robar ƙasan mai sakin ruwa ce ke yoyo. Don a tabbatar, a rufe bawul ɗin tankin, a yi alama da fensir a inda ruwa ya tsaya, a dawo bayan awa ɗaya. In ya sauka, ita ce. A samfuri mai maɓalli, yawanci ana kama jikin bawul ɗin a juya shi kaɗan ta hagu ya fito. Robar na ƙasansa, faffaɗa mai rami a tsakiya. A wanke ta da mazauninta. In ta yi ƙuraje ko ta lanƙwashe, juya ta ɗaya fuskar na iya riƙewa na ɗan lokaci kafin a samo sabuwa. A duba kuma sandunan maɓallin: in sun yi tsawo suna danne bawul ɗin ko ba a taɓa ba. A samfuri mai sarƙa, a bar mata sassauci kamar santimita ɗaya. Ƙwayoyin bilic da ake jefawa cikin tanki suna saurin cinye waɗannan robobi.

In ruwan a ƙasa ake ganinsa, tsakanin tanki da masai, zoben roba mai kauri da ke tsakaninsu ne ko woshoshin kusoshin biyu. Wajen ɗaure kusoshin a riƙa yi kaɗan-kaɗan, dama sannan hagu. In aka matse gefe ɗaya tangaran ya tsage, garin neman gira an rasa ido, domin tsagaggen tanki ba ya gyaruwa.

Tambaya: Banɗakin baƙi da ba mu cika amfani da shi ba yana wari, alhali kullum a wanke yake.
Wata amarya

Amsa: Amarya, wannan mai sauƙi ne. Lanƙwasar da ke ƙarƙashin kowane rami na riƙe da ruwa mai zurfin santimita 5 zuwa 7, shi ke hana iskar magudana dawowa ɗaki. In an daɗe ba a yi amfani da wurin ba ruwan ya bushe, hanya ta buɗe. Ki zuba lita ɗaya ko biyu a ramin ƙasa da na sinki, ki kora masai, ki riƙa yin haka duk mako biyu. In warin bai tafi ba, ki girgiza masan ki gani. In yana motsi, robar da ta haɗa shi da babban bututu ta saki. In kuma kina jin ramin na gurnani lokacin da aka kora ruwa a wani wuri, bututun shan iska da ya fita saman rufi ne ya toshe ko ba a sa shi ba.

Tambaya: Bututun PVC da ya taso daga tanki ya tsage. Na shafe wurin da gam har sau biyu, yana sake ɓallewa.
Wani mai gida

Amsa: Alhaji, zai ci gaba da ɓallewa, domin gam ɗin PVC ba abin cike tsaga ba ne. Aikinsa shi ne ya narkar da fuskar bututu da ta soket, in aka cusa ɗaya cikin ɗaya su haɗe su zama jiki guda. In an shafa shi a waje ya bushe, ɓawo kawai ya zama.

Kafin a samo kaya, a yanko roba daga tsohon tiyub, a naɗe wurin, a ɗaure da kilif biyu. Wannan zai rage zubar. Gyaran gaske kuwa sai an yanke wurin. A rufe ruwa, a buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa don bututun ya tsane. A yanke santimita 3 gaba da ƙarshen tsagar ta kowane gefe, domin tsaga takan wuce inda ido ke gani. Yankan ya miƙe, kada ya karkace. A kankare ɓarɓashin ciki da waje da wuƙa, a ɗan fiƙe gefen bakin don kada ya share gam yayin shiga. A samo guntun bututu mai girma da kauri ɗaya da tsohon, da soket biyu. Girman na rubuce a jikin bututu. Kada a sa siririn bututun magudana a layin da ke ɗauke da matsin ruwa.

A gwada haɗawa ba gam, a yi alamar zurfin shiga da fensir. A goge wuraren da busasshen tsumma, kada a bar danshi ko maiƙo. A shafa gam a wajen bututu sosai, a cikin soket kaɗan, a cusa nan take har alamar tare da juyawa kwatan juyi, a riƙe daƙiƙa 30 domin yakan turo kansa waje. A goge rarar. Ƙaramin bututu a ba shi aƙalla awa 2 kafin a sake ruwa, in akwai injin tura ruwa ko ana sanyi a bar shi ya kwana. Mafi yawan haɗin da ke ɓallewa gaggawar buɗe ruwa ce ko jiƙaƙƙen bututu. A yi aikin inda iska ke shiga, nesa da wuta, gam ɗin na kamawa.

In bututun a ɗaure yake ba ya motsi ta yadda soket na biyu zai shiga, a yi amfani da yuniyon, wato haɗin da ake ɗaurewa da noti a tsakiya.

A kuma tambayi dalilin tsagewar. PVC da ke shan rana shekara da shekaru yakan yi gautsi, maganinsa a shafa masa fenti mai haɗin ruwa ko a rufe shi. In ya yi gautsi ko'ina, a canza layin, faci ɓata lokaci ne. Ba a kuma sa shi a ruwan zafi, iyakarsa digiri 60 a ma'aunin Salsiyas. Sannan a tabbatar PVC ɗin ne. Bututun PPR, wanda galibi kore ne ko fari mai kauri, gam ba ya kama shi ko kaɗan. Da injin zafi ake narka shi a digiri 260, mai milimita 20 daƙiƙa 5, mai 25 daƙiƙa 7, kuma in aka wuce lokaci bakin ya narke ya toshe hanyar ruwa daga ciki.

Tambaya: Ruwan shawarmu ya koma kamar zare, alhali tanki a cike yake.
Wani mai karatu

Amsa: Malam, ka fara gano ko shawar ce kaɗai. Ka cire kanta ka buɗe ruwa. In ya fito da ƙarfi daga tiyo, kan ne ya toshe da yashi ko farin dutsen da ruwa mai gauri ke bari. Ka jiƙa shi cikin ruwan khal awa ɗaya ko fiye, ka goge da buroshi, ka tsokane ramukan da tsinke, ban da ƙusa. Mai ruwan zinare ko wani launi kada ya wuce minti 30 a ciki. Akwai kuma 'yar rariya a inda tiyo ke haɗuwa da kan, ita ma a wanke. Famfon sinki da ya rage ƙarfi shi ma haka: rariyar bakinsa ake kwancewa a wanke. Ka duba tiyon ko ya lanƙwashe, da bawul ko a rabi yake.

In tun asali ruwan ba shi da ƙarfi, tsayin tanki ne. Kowace mita ɗaya tsakanin saman ruwan tanki da kan shawa na ba da kusan kashi ɗaya cikin goma na "bar", ma'aunin matsin ruwa, wato sai mita 10 ake samun "bar" ɗaya. Tankin da ya ɗara shawa da mita 2 ba zai iya da faffaɗan kan shawa ba, komai girman tankin. Sai a ɗaga shi, ko a sa ƙaramin kai, ko injin ƙara matsi. Shawa mai kyau na cika bokitin lita 10 cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In kuwa matsalar ta fara ne bayan tanki ya ƙare an sake cika shi, kuma famfo na tari yana tofar da ruwa, iska ce ta maƙale. Ka buɗe duk famfunan gidan na 'yan mintuna, ka rufe su daga na ƙasa zuwa na sama.

Tambaya: Ƙaramin bawul da ke jikin hitar banɗakina yana ɗiga. In toshe bakinsa?
Wata ma'aikaciya

Amsa: Kada ki toshe shi, Malama, ko na awa ɗaya. Bawul ɗin kariya ne. Ruwa na kumbura in ya yi zafi, shi kuma yana sakin rarar matsin don kada tukunyar ta fashe. Ɗigo kaɗan lokacin da hita ke dumama ruwa aikinsa ke nan, sai a sa masa siririn tiyo ya gangara zuwa magudana, bakinsa a buɗe. In yana zuba ba tsayawa ko hita na kashe, ko dai datti ya maƙale masa, ko matsin ruwan gidan ya yi yawa. In kuma ruwan na fita da tururi, ki kashe wutar hitar daga babban makunni nan take, domin na'urar da ke yanke zafi ce ta lalace. Canza bawul ɗin ko na'urar aikin ƙwararre ne, tunda ruwa da lantarki sun haɗu a wurin. Bayan kowane gyara kada a kunna wuta sai an buɗe famfon ruwan zafi ya zuba sosai ba tari, alamar tukunyar ta cika, domin ƙarfen dumamawar na ƙonewa cikin ɗan lokaci in ya yi zafi babu ruwa.